Yadda za ka hau jirgin sama da kayan zamiyar ƙanƙara ba tare da kuɗin kaya sun karya ka ba

Tambayar da aka yi ita ce: "Ni da ƙanina za mu je wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara na mako guda. Kowannenmu yana da allunansa da sanduna da takalma da hular kwano. Mun samu tikiti mai araha, amma da muka zo wajen ƙara kaya sai kuɗin ya kusa ninkawa. Wace hanya ce ta fi sauƙi a tafi da irin waɗannan kaya a jirgi?"

Ɗan'uwa, kada ka biya tikitin nan tukuna. Na yi shekaru ina shirya wa masu wannan wasa tafiya, ina tsayawa tare da su a gaban kantar auna kaya, kuma abin da ya same ku shi ne yake samun kusan duk wanda ya fara fita da allunansa, wato dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya. Kuɗin da ka gani a shafin farko kuɗin kujera ne kawai. Kuɗin tafiyarka na gaskiya shi ne kujera, da jakar alluna zuwa da dawowa, da jakar tufafi zuwa da dawowa, da abin da za ka biya daga filin jirgi zuwa gindin dutsen. Sai ka haɗa waɗannan huɗun a takarda ɗaya, ga kowane kamfani, sannan za ka san wanda ya fi araha. Sau da yawa wanda ya zo na uku ko na huɗu a jerin farashi shi ne yake cinyewa a ƙarshe.

Ga dalilin da ya sa alluna suke zama matsala. A yawancin kamfanonin jirage, jakar da ake sakawa a ɗakin kaya na cikin jirgi ga mai kujerar gama-gari ba ta wuce kilo 23, kuma idan aka haɗa tsawonta da faɗinta da kaurinta kada su wuce santimita 158. Allunan babban mutum kuwa tsawonsu kaɗai yana kamawa daga santimita 150 zuwa 190. Ka ga tun kafin a ɗora su a sikeli sun riga sun karya dokar girma. Shi ya sa kowane kamfani ya yi musu doka ta daban, a ƙarƙashin babin kayan wasanni, kuma a wannan babin ne kuɗinka yake tsira ko ya salwanta. Kamfanonin sun kasu uku a kan wannan.

Na farko su ne masu ɗaukar jakar alluna a matsayin jaka ta yau da kullum, su yafe kuɗin wuce girma. Manyan kamfanonin Amurka irin su Delta da United da American da Alaska haka suke yi, haka ma Air Canada. Har ma suna lissafa jakar alluna da jakar takalma a matsayin kaya ɗaya, muddin nauyinsu a haɗe bai wuce kilo 23 ba. Amma a lura: jakar takalman ta zama ta takalma ce. Idan ma'aikaci ya zuge zif ya tarar ka cusa wanduna da riguna a ciki, yana da ikon lissafa ta a matsayin jaka ta biyu, ka biya. British Airways ma tana karɓar jakar alluna a madadin jakar da tikitinka ya ba ka, in dai tsawonta bai wuce santimita 190 ba. Wani abu da ya kamata a sani game da Amurka: Southwest ta daɗe tana ba kowa jaka biyu kyauta, masu wannan wasa suna ƙaunarta saboda haka, amma daga ranar 28 ga Mayu 2025 ta daina yi wa yawancin fasinjoji wannan. Har yanzu akwai masu ba da shawara da tsohon labari, don haka kada ka dogara da abin da wani ya ce ya yi shekara uku da suka wuce.

Na biyu su ne masu ɗaukar maka kayan zamiya saiti ɗaya kyauta, ƙari a kan jakarka. SWISS ta Suwizalan ta yi suna a kan wannan, kuma 'yan'uwanta Lufthansa da Austrian suna da irin wannan tsari. Tarkon a nan shi ne ƙaramin tikitin da suke kira Light, wanda ba ya zuwa da jakar ɗakin kaya. Shi ba ya cikin wannan rangwame, kuma akwai hanyoyin da rangwamen bai shafa ba. Na sha ganin mutum ya sayi Light don ya rage 'yan kuɗi kaɗan, ya dawo ya biya kuɗin jaka, ya biya kuɗin alluna, ya tashi da abin da ya fi na tikitin da ke sama da shi. Ga mai alluna, matakin da ke sama da Light shi ne mai araha. Sannan dole ka sanar da su tun da wuri cewa kana da kayan zamiya, domin wurin dogayen kaya a cikin jirgi ƙayyadadde ne.

Na uku su ne jiragen araha irin su Ryanair da easyJet da Wizz Air, kuma ina zaton a nan kuka samu tikitinku. Su komai da kuɗinsa. Jakar alluna tana da kuɗi na daban a kowace tafiya, wato zuwa ka biya, dawowa ka biya, kuma a Ryanair da easyJet iyakar nauyin irin wannan jaka kilo 20 ne, ba 23 ba. Ba ina cewa a guje su ba. Akwai lokacin da ko an haɗa komai su ne suka fi sauƙi, musamman tsakiyar mako a watan Janairu. Abin da nake cewa shi ne ka biya kuɗin alluna a intanet lokacin da kake sayen tikiti. Idan ka bari sai a filin jirgi, kuɗin ya fi haka, kuma a can ba ka da bakin ciniki.

Bari in nuna maka da misali, da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai. A ce jirgin araha yana sayar da kujera zuwa da dawowa a kan 100, jakar alluna 45 kowace tafiya, jakar tufafi 30 kowace tafiya. Ka tashi a 250. A ce babban kamfani yana sayar da tikiti mai jaka ɗaya da alluna kyauta a kan 210. Wanda ya dubi shafin farko zai ce na farkon ya fi sauƙi da fiye da rabi, alhali shi ne ya fi tsada da 40. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Ku da kuke biyu, bambancin ya ninka.

Yanzu ga dabarar da ta fi kowace rage kuɗi, kuma ita nake so ka riƙe: ku rage yawan jakunkunan da za su shiga cikin jirgi. Ku biyu ne, saboda haka ba ku buƙatar jakar alluna biyu. Ana sayar da jaka mai cin alluna saiti biyu. Alluna guda biyu na mutum ɗaya, haɗe da maɗauran takalmi da ke jikinsu, nauyinsu yakan kama tsakanin kilo 5 zuwa 7. Na mutum biyu ke nan kilo 10 zuwa 14. Sanduna huɗu kamar kilo 1. Ita kanta jakar, idan mai taya ce mai soso a ciki, za ta ci kilo 4 ko 5. Kun ga kun tsaya a wajen kilo 15 zuwa 20. A kamfanin da iyakarsa 23 ne kuna da sauran wuri na tufafi, a wanda iyakarsa 20 ne kuwa kuna bakin gaɓa, sai an yi hattara. Kafin ku yi haka ku karanta dokar kamfanin da kyau, domin wasu sun rubuta ƙarara cewa saiti biyu a jaka ɗaya ba laifi, wasu kuma saiti ɗaya suka ambata. Ku ɗauki hoton shafin dokar a waya, da kwanan wata. Ba kowane ma'aikacin kanta ne ya haddace dokar kayan wasanni ba, kuma idan ka nuna masa shafin kamfaninsa cikin ladabi, magana takan mutu a nan.

Idan kai kaɗai ne, lissafin ya fi sauƙi: jakar alluna ta zama ita ce akwatinka. Tufafin mako guda suna shiga kewaye da allunan, ba sai ka biya kuɗin wata jaka ba. Wasu kamfanonin ba sa son a sa tufafi a jakar kayan wasanni, don haka wannan ma a duba, amma inda jakar alluna take madadin jakarka ta yau da kullum, sikeli ne kawai alƙali.

Game da sayen jakar, mutane sukan ruɗe da mai taya ko mai tauri kamar bututu. Mai taya tana da daɗin ja a doguwar farfajiyar filin jirgi, amma kowane kilo da jakar ta ci, kilo ne da ta ƙwace daga tufafinka. Ga mutum ɗaya na fi son jaka mara taya mai ɗan soso, wadda ba ta wuce kilo 2 ba. Ga ku biyu kuwa mai taya ce, domin kilo 20 mai tsawon mutum ba abin ratayawa a kafaɗa ba ne. Ka auna allunanku, ka sayi wadda ta ɗara su da kaɗan. Jakar da ta yi tsawo da yawa bakinta yakan lanƙwashe ya maƙale a bel, kuma tana iya tsallake iyakar tsawon da kamfani ya sa ba gaira ba dalili.

Ga yadda nake shirya ta. Nakan goge allunan su bushe ƙarau, domin gefensu ƙarfe ne, idan aka rufe su da damshi tsatsa takan kama su cikin kwana ɗaya. A jikin maɗaurin takalmi akwai 'yan ƙarafa biyu da suke leƙowa ƙasa, waɗanda suke taka wa allo birki idan ya suɓuce daga ƙafa. Nakan ɗaga su sama in ɗaure da roba mai kauri, don kada su huda jaka ko su lanƙwashe. Sai in haɗa allunan ciki da ciki, in sa ɗan kwali ko tsumma a tsakani, in ɗaure su a kai da gindi. Kai da gindin nan su ne suke shan duka idan aka jefa jaka, don haka nakan naɗe su da wandon ƙanƙara ko rigar sanyi mai kauri. Maɗauran kuma in lulluɓe su da tawul. Gefen allo yana da kaifi sosai, yana yanka tufa, saboda haka riga mai tsada ba ta taɓa ƙarfe kai-tsaye: tsofaffin safa da singileti su ne suke fara zagaye shi, sannan sauran. Sanduna su kwanta a gefe, tsininsu a cikin safa. A ƙarshe in ja igiyoyin waje in matse har sai na girgiza jakar ban ji komai yana motsi ba. Abin da yake motsi a cikin jaka shi ne yake karyewa.

Ka mallaki ɗan sikelin hannu mai ƙugiya. Kuɗinsa bai kai tarar wuce nauyi ta tafiya ɗaya ba. Kuma ka sani ko da kana shirye ka biya tara, yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaka ɗaya da ta wuce kilo 32, saboda lafiyar masu ɗaukar kaya.

Sai maganar takalma, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Takalmanku kada su shiga ɗakin kaya tare da alluna. Ku riƙe su a hannu, ku shiga da su. Alluna ana samun na haya masu kyau a gindin kowane dutse, cikin minti goma an daidaita maka su. Takalmi ba haka yake ba. Roba ce mai tauri da ta kama ƙafa tun daga yatsu har ƙwauri, kuma naka ya riga ya ɗauki siffar ƙafarka, wataƙila ma an gasa shi an faɗaɗa inda yake matse ka. Na haya kuwa ƙafa ɗari ta shiga ta fita. Akwai wata shekara da na raka wasu mutum shida, muka sauka, jakunkuna biyu ba su biyo mu ba. Ɗaya daga cikin masu jakar ya rataya takalmansa a wuya tun daga gida. Da safe ya karɓi allunan haya ya hau dutse tare da kowa. Ɗayan takalmansa suna cikin jakar da ta ɓata. Ya karɓi na haya, kafin azahar sun sale masa ƙwauri da dunduniya, na same shi zaune a kan benci ya tuɓe safa yana duba ƙafar. Kwana biyu daga cikin shida ya yi a masauki, alhali ya riga ya biya kuɗin hawa dutse na mako duka. Wannan asarar ta fi duk abin da mutum zai rage a kuɗin kaya.

Takalman mutum ɗaya nauyinsu kilo 3 zuwa 5 ne, kuma suna shiga jakar hannu mai girman santimita 55 da 40 da 20 ko makamancin haka idan ka juya su kai da ƙafa. Cikinsu ma wuri ne: cusa safa da safar hannu da tabarau a cikinsu. Sai dai a jiragen araha, jakar da ake shiga da ita kyauta 'yar ƙarama ce wadda take shiga ƙarƙashin kujera, takalman zamiya ba za su shige ta ba. Dole ka biya kuɗin babbar jakar hannu, don haka wannan ma ya shiga takardar lissafinka. Wasu kamfanoni kuma suna auna jakar hannu, iyakar takan kama daga kilo 7 zuwa 10. Hular kwano ita ma gara ta kasance a hannunka, domin idan ta bugu a cikin kaya tana iya tsagewa ta ciki ba ka gani ba, kuma hular da ta tsage ta gama aiki. Ka sa ta cikin jakar, kada ka rataya ta a waje, wasu ma'aikatan sukan lissafa ta a matsayin kaya na daban. Babbar rigar sanyinka kuwa ka sa ta a jiki ka hau jirgi, ba wanda yake auna abin da ke jikinka.

Tun da mun zo nan, akwai tambayar da ba ka yi ba amma ya kamata ka yi: shin dole ne a tafi da allunan? Ka buɗe shafin masu ba da haya a dutsen da za ku je, ka duba kuɗin kwana shida, ka kwatanta da kuɗin ɗaukar naku zuwa da dawowa. A duwatsun Alps na Turai akwai manyan masu haya irin su Skiset da Intersport, kuma wanda ya yi rajista ta intanet kafin ya iso yakan samu ragi a kan wanda ya shigo shago kai-tsaye. Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Tafiyar kwana biyu ko uku a jirgin da ake biyan kuɗin alluna, ka bar su a gida, ka ɗauki takalma kawai. Tafiyar mako guda kamar taku, ga shi ku biyu za ku raba kuɗin jaka ɗaya, ɗaukar naku ya fi riba kusan kullum. In kuwa allunanku tsofaffi ne na masu koyo, haya tana da wata fa'ida: idan dusa ta zuba da daddare za ka iya komawa shago ka canza zuwa masu faɗi.

Lokacin tafiya da filin da za ku sauka suna iya rage muku fiye da duk dabarar shirya kaya. A Alps masaukai da yawa daga Asabar zuwa Asabar suke ba da ɗaki, don haka jiragen Asabar zuwa Janeba da Innsbruck da Salzburg da Chambéry su ne mafi tsada, kuma a ranar ne wurin dogayen kaya yake cika. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun makarantun Faransa da Birtaniya a Fabrairu, su ne ƙololuwar tsada. Daga mako na biyu na Janairu zuwa ƙarshensa farashi yakan sauka, ga dusa mai kyau. Haka ma ƙarshen Maris. A kudancin duniya, irin su Chile da Ajantina da New Zealand, lokacin ya juya, daga Yuni ne zuwa Satumba. Babban fili mai yawan jirage yakan fi ƙarami araha: Janeba zuwa Chamonix tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a mota, Salt Lake City zuwa Park City ba ta kai awa ɗaya ba, Sofiya zuwa Bansko a Bulgeriya awa biyu da ɗoriya. Ƙananan filayen cikin duwatsu kuwa, ban da tsada, ƙananan jirage ne suke zuwa wasunsu, kuma idan nauyi ya yi yawa dogayen kaya ake fara bari a baya. Idan yanayi ya ɓaci ma ana karkatar da jirgin zuwa wani gari.

Kada ka manta da ƙasa. Jirgin da ya sauke ka a fili mai nisa da tsakar dare, bayan bas da jirgin ƙasa sun tashi aiki, ya jefa ka hannun tasi, kuma ba kowace tasi ce take cin jaka mai santimita 190 ba. Motocin haɗaka da suke jigila tsakanin filin jirgi da duwatsu sun saba da alluna, amma ka faɗa musu lokacin rajista. Idan motar haya za ku ɗauka, ku tabbata kujerar baya tana kwanciya, kada ku biya kuɗin ƙarfen ɗaura kaya a saman mota ba dole.

In tafiyarku tana da sauyin jirgi a hanya, ku saye ta a tikiti ɗaya. Idan ka sayi tikiti biyu daban-daban don kowanne ya yi araha, za ka biya kuɗin alluna sau biyu a zuwa, sau biyu a dawowa, ka fita ka karɓi jakar ka sake miƙa ta, kuma idan na farko ya makara ba ruwan na biyu da kai. A tikiti ɗaya ma ka duba dokar wane kamfani ce take aiki, domin wani lokaci sunan wani ne a tikitin amma jirgin na wani ne. A tafiyar da ta fara ko ta ƙare a Amurka, dokar kayan kamfanin da lambarsa take kan zangon farko ita ce take bin ka har ƙarshe. A sauran wurare galibi ta kamfanin da ya ɗauki zango mafi girma ce. Ka bar aƙalla awa ɗaya da rabi tsakanin jirgi da jirgi, domin dogayen kaya ba sa bin bel ɗin da akwatuna suke bi, da hannu ake kai su. Saboda wannan dalilin ne ma bayan an manna wa jakar takarda a kanta za a tura ka wata taga ta manyan kaya ka miƙa ta, kuma idan kun sauka a wata ƙofa ta daban za ta fito. Na ga masu tsayawa rabin awa a gaban bel suna zaton allunansu sun ɓata, alhali suna jingine a bango a bayansu.

Akwai kamfanonin da suke aika alluna daga gida zuwa masauki, irin su Ship Skis da Send My Bag. Sauƙi suke sayarwa, ba araha ba, musamman idan za a tsallaka iyakar ƙasa. Inda na ga aikawa tana da riba sosai shi ne cikin Japan: kana sauka a filin jirgin Narita ko Haneda na Tokyo ka miƙa jakar a kantar kamfanin aika kaya na Yamato, su kai maka ita masauki a Hakuba ko Niseko cikin kwana ɗaya ko biyu, kai kuma ka hau jirgin ƙasa hannu rabbana. Idan kana da katin zinare na masu yawan tafiya daga wata ƙungiyar kamfanonin jirage, ko katin banki na kamfanin jirgi mai ba da jaka kyauta, duba shi, wataƙila ya riga ya biya maka.

'Yan abubuwan da suke jawo tsaiko a wajen bincike: sanduna ba sa shiga wurin fasinja, cikin jakar alluna za su. Batirin safar hannu ko safar ƙafa mai ɗumama jiki, da duk wani batirin litiyom da ba ya jikin na'ura, a jakar hannu ake riƙe shi, ba a yarda ya shiga cikin kaya ba. Ruwan wanke kakin alluna yana kama wuta, a bar shi a gida. Mai jakar baya ta kariya daga zaftarewar ƙanƙara, irin mai tukunyar iska, sai ya nemi izinin kamfani tun kafin ranar, kuma a Amurka jami'an bincike ba sa barin tukunyar ta wuce sai babu komai a cikinta.

Kafin ka zuge jakar a gida, ɗauki hoton allunan da maɗauransu, ka ɗauki hoton jakar a rufe, ka jefa 'yar na'urar bin sawu irin AirTag a ciki, ka adana 'yar takardar lambar kaya da za a ba ka. Da kun sauka, ku buɗe jakar a nan cikin zauren karɓar kaya, kada ku bari sai masauki. Idan akwai ɓarna ko jakar ba ta zo ba, ku je teburin kayan kamfanin ku cike fom ɗin rahoto da ake kira PIR kafin ku fita. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda take aiki a yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, ta ba ka kwana 7 ka shigar da ƙorafi a rubuce idan kaya sun lalace, kwana 21 idan sun makara, kuma jakar da ta wuce kwana 21 ba ta zo ba ana ɗaukarta ta ɓata. Iyakar diyya ga kowane fasinja, tun daga 28 ga Disamba 2024, ita ce 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Wannan iyaka ce, ba abin da za a miƙa maka kai-tsaye ba, sai ka nuna shaidar ƙimar kayan. Idan kun haɗa kayan mutum biyu a jaka ɗaya da sunan mutum ɗaya, ku ambaci hakan a fom ɗin tun farko. Duk allunan da kuka karɓa haya saboda naku sun makara, ku riƙe rasit, kuna da damar neman a mayar muku. In kayanku masu tsada ne, ku duba inshorar tafiyarku ko ta ambaci kayan wasan ƙanƙara, domin da yawa ba sa rufe su sai an ƙara wannan sashe.

A daren dawowa ku shanya komai kusa da abin ɗumama ɗaki, ku zare rufin cikin takalman ya sha iska. Jakar da ta auna kilo 19 da rabi a zuwa tana iya haura 20 a dawowa saboda jiƙaƙƙen wando da safa da ƙanƙarar da ta maƙale a maɗauri ta narke. Ku sake rataya ta a sikelin hannu kafin ku bar masauki, abin da ya ɗara ku mayar da shi aljihun rigar da za ku sa.